NAZARI: Wa ke tantance wanda zai riƙe bindiga a Najeriya?

A ranar 23 ga Nuwamban 2025 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da umarnin a janye 'yan sandan da ke gadin manyan mutane, a mayar da su bakin aikinsu na asali. Fadar Shugaban Ƙasa ta ce duk mai buƙatar rakiya ya nemi jami'an Sibil Difens. Babu garin da umarnin ya shafa kamar Abuja, inda ɗan sanda mai bindiga a kujerar gaba ta mota ya daɗe da zama alamar muƙami. Kamfanonin gadi masu zaman kansu ba za su cike gurbin ba, domin dokar 1986 da ta tsara aikinsu ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga. Saboda haka tsohuwar tambayar da mazauna Bwari suka riƙa yi a watan Janairun 2024, lokacin da masu garkuwa da mutane suka yi ta shiga gidaje suna kwashe iyalai, ta hauro zuwa unguwannin manya: shin mutum na iya mallakar bindiga ta halal don kare gidansa, kuma wa zai tantance ko ya cancanta?

Rabin farko na tambayar shi ake ta jayayya a kansa shekara da shekaru tsakanin gwamnoni da gwamnatin tarayya. Rabi na biyu, wato tantancewar, kusan ba a taɓa shi, alhali a nan gizo ke saƙar.

Abin da dokar 1959 ta tanada

Dokar Bindigogi da ake aiki da ita an kafa ta a 1959, shekara guda kafin samun 'yancin kai. Ta kasa bindigogi gida uku, kowane gida da mai riƙe da makullinsa. Na farko shi ne na haramtattun makamai: igwa, roka, bam da gurneti, bindiga mai jigida, bindigogin yaƙi irin su AK-47, har da fistol da libarba. Waɗannan Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Na biyu shi ne na bindigogin amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu da bindigar iska, kuma lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku shi ne na bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki, wato bindigar toka ko adaka irin ta maharba, wadda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke tsara mallakarta tare da amincewar gwamna.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Dokar ta cire duk bindigar farauta mai sarrafa kanta, ko mai na'urar sake ɗura harsashi, daga gida na biyu. Wannan ya jefa bindigar da ake kira fam-akshin, wadda 'yan kasuwa da 'yan banga suka fi so, cikin jerin haramtattu. Da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da wa'adin kwana 21 a watan Fabrairun 2018 don a miƙa haramtattun makamai, fam-akshin na cikin waɗanda aka lissafa. Ke nan irin wannan bindigar farauta da ma'aikacin gwamnati zai iya nema ta hannun 'yan sanda, ko da ƙofar a buɗe take, ba ta wuce wadda ake harba sau ɗaya ko biyu a tsaya a sake ɗurawa ba. Wanda ke tunanin zai tari ayarin 'yan bindiga masu AK-47 da ita, ya kamata ya san haka tun da wuri.

Dokar ta fayyace cewa lasisi ba haƙƙin kowa ba ne. Hukuma na iya ƙin bayarwa ba tare da ta faɗi dalili ba, tana kuma iya soke wanda ta bayar. Sannan ta ambaci mutum biyar da ba za a ba su ba: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, wanda raunin ganinsa ya sa bai dace da riƙe bindiga ba, wanda aka sani da shaye-shaye da rashin kamun kai, da wanda kotu ta samu da laifin da ya ƙunshi tashin hankali ko barazanarsa cikin shekara biyar da suka wuce. Abin mamaki, dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda ke aiki a Abuja, tana ɗaukar ɗan shekara 17 a matsayin yaro, Kundin Tsarin Mulki kuma bai yarda ya jefa ƙuri'a ba, amma dokar bindiga ba ta ga aibin ya riƙe makami ba.

Waɗannan sharuɗɗa biyar su ne ginshiƙin binciken mai neman lasisi a Najeriya. Ba su da laifi a takarda. Sai dai kowane ɗaya daga cikinsu tambaya ce da ke buƙatar wurin da za a duba amsa, kuma dokar ba ta faɗi wurin ba.

Jayayyar da gwamnoni ba za su ci ba

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sa makamai da harsasai da abubuwan fashewa a lamba ta 2 cikin jerin al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar. Sashe na 215 ya ba gwamna damar ba Kwamishinan 'Yan Sanda umarni, amma ya ba kwamishinan damar neman a miƙa maganar ga Shugaban Ƙasa kafin ya aiwatar. Da waɗannan sassa uku, duk gwamnan da ya yi alkawarin raba lasisin bindiga ya yi kyauta da abin da ba nasa ba.

An ga haka a Zamfara a watan Yunin 2022. Gwamnatin Bello Matawalle ta shelanta cewa jama'a su nemi bindiga don kare kai, ta umarci kwamishinan 'yan sanda ya ba waɗanda suka cancanta lasisi, ta kuma ce za ta raba fom 500 ga kowace ɗaya daga masarautun jihar 19. Cikin 'yan kwanaki kwamishinan, Ayuba Elkanah, ya ce takunkumin da aka sa wa bayar da lasisi yana nan daram, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da irin wannan umarni. A Binuwai, Samuel Ortom ya ƙaddamar da dakarun sa-kai a watan Agustan shekarar, ya nema musu izinin riƙe AK-47 daga Abuja, bai samu ba. Da marigayi Rotimi Akeredolu na Ondo ya yi ƙorafin cewa ana fifita Katsina a kan rundunarsa ta Amotekun, Fadar Shugaban Ƙasa ta mayar da martani a watan Satumba cewa babu jihar da aka ba izinin sayen bindiga mai sarrafa kanta, ko Katsina ko wata. Daga baya, a watan Agustan 2023, Kayode Egbetokun, wanda a lokacin yake riƙon ƙwaryar muƙamin Sufeto Janar, ya sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan bindigogi, da hujjar cewa ana ƙoƙarin tattara waɗanda ke yawo a hannun jama'a.

A duk wannan ka-ce-na-ce babu wanda ya tsaya ya yi tambaya mafi sauƙi. Da an yarda da fom 9,500 na Zamfara, da me za a auna waɗanda suka cike su? A jihar da rikicin 'yan sa-kai da makiyaya ya raba ƙauyuka, sa hannun hakimi shaida ce ta cewa mutum nasu ne. Ba shaida ba ce ta cewa bai taɓa kashe kowa ba.

Yadda Amurka ta raba aikin

Amurka ce ƙasar da ta fi dacewa a leƙa, ba don ta yi nasarar magance kashe-kashen bindiga ba, domin ba ta yi ba, sai don ita ma tarayya ce da ta yi fama da wannan tambaya ta rabon aiki tsakanin tsakiya da jihohi. Tushen ya bambanta da na Najeriya: a can riƙe bindiga haƙƙi ne da kundin tsarin mulki ya kare, saboda haka gwamnati ce za ta kawo hujjar hana mutum. A nan mutum ne zai roƙa.

Dokar tarayya ta 1968 ta lissafa waɗanda aka haramta wa bindiga, ciki har da wanda aka samu da babban laifi, mai gudun shari'a, mai ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, da wanda kotu ta yanke cewa yana da taɓin hankali. Daga baya aka ƙara wanda aka hukunta kan dukan iyali. Shekara 25 jerin yana nan ba tare da hanyar dubawa ba. Mai saye ya rantse a takarda cewa ba ya cikinsu, shi ke nan. Dokar Brady ta 1993 ce ta wajabta bincike, kuma a watan Nuwamban 1998 hukumar FBI ta buɗe tsarin da ake kira NICS. Yau idan mutum ya shiga shagon dillali mai lasisin tarayya, zai nuna katin shaida, ya cike fom mai lamba 4473, dillalin ya aika bayanansa ta waya ko intanet. Na'ura za ta laluba rumbunan bayanai uku: na tarihin laifuffuka, na waɗanda ake nema ko kotu ta sa wa takunkumi, da na sauran waɗanda aka haramta wa makami. Amsa uku ce: a sayar, a dakata, ko a hana. Kusan tara cikin goma ana amsa su nan take. A 2020 kaɗai an yi irin wannan bincike sama da miliyan 39.

Jihohi suna shigowa ta ƙofa biyu. Wasu, kamar Kalifoniya da Fulorida da Fensilbaniya da Bajiniya, sun zaɓi su yi binciken da kansu: dillali ya tuntuɓi hukumar jiha, ita kuma ta duba rumbun tarayya haɗe da nata kundin, wanda sau da yawa ya fi cika. Sauran sun bar wa FBI. Jiha na iya ƙara nata sharuɗɗan, kamar kwanakin jira, ko wajabta bincike a cinikin mutum da mutum, abin da dokar tarayya ba ta wajabta ba.

Ƙofa ta biyu ce ta fi nauyi. Akasarin shari'o'in laifi a kotunan jihohi ake yin su, don haka bayanan da FBI ke dubawa daga jihohi suke fitowa. A 1997, a shari'ar Printz, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa gwamnatin tarayya ba za ta tilasta wa jami'an jiha su yi mata binciken ba. Tun daga nan sai lallashi da tallafin kuɗi. Inda jiha ta yi sakaci, rami ya buɗe.

Ramukan sun ci rayuka. Ɗalibin da ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech a watan Afrilun 2007, tun a 2005 wata kotun jihar ta umarci a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa bayan ta ga yana da haɗari ga kansa, amma takardar ba ta isa rumbun tarayya ba, ya sayi bindigoginsa a shago. Wanda ya kashe mutum tara a wani coci a Charleston a watan Yunin 2015 yana da rahoton kama shi da ƙwaya. Mai binciken FBI ta nemi rahoton a ofishin 'yan sandan da ba shi ne ya kama shi ba, kwanakin aiki uku da doka ta ba da suka cika, dillali ya miƙa masa bindiga kamar yadda doka ta yarda. Wanda ya kashe mutum 26 a cocin Sutherland Springs na jihar Texas a watan Nuwamban 2017, kotun soja ta taɓa ɗaure shi kan dukan matarsa da ɗanta, amma rundunar sojin sama ba ta aika hukuncin ba. A wannan karon sakacin na tarayya ne, kuma a 2023 gwamnatin Amurka ta amince ta biya waɗanda abin ya shafa dala miliyan 144.5. A duka ukun doka ta riga ta tanadi hanin. Abin da ya faɗi shi ne wata takarda da wani ma'aikaci a wani ofis bai tura ba, ko bai samo ba.

A ina ɗan sandan Abuja zai duba?

A ɗauki misalin ma'aikaci a Sakatariyar Tarayya. Asalinsa Katsina, ya yi karatu a Zariya, ya yi hidimar ƙasa a Enugu, yana aiki a tsakiyar Abuja, yana kwana a Mararaba ta jihar Nasarawa ko Suleja ta jihar Neja. Wannan ba baƙon labari ba ne. Haka dubban ma'aikata suke. Idan shekara uku da suka wuce wata kotun majistare a Kaduna, ko kotun shari'a a garinsu, ta same shi da laifin sarar maƙwabci, ta wace hanya jami'in da ke duba takardarsa a hedikwatar 'yan sanda ta Louis Edet zai sani?

A takarda akwai hanya. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ce, a sashe na 16, a kafa babbar rajistar laifuffuka a rundunar 'yan sanda, kowace rundunar jiha ta kafa tata, kuma a aika hukuncin kowace shari'ar laifi zuwa babbar rajistar cikin kwana 30 da yanke shi. Sashe na 15 ya ce a ɗauki hoto da zanen yatsun duk wanda aka kama. Amma wannan doka ta kotunan tarayya ce da na Babban Birnin Tarayya; jihohi sai da kowace ta yi tata. Kuma duk wanda ya taɓa shiga ƙaramar kotu ya ga alƙali na rubuta shari'a da hannu, fayiloli a ɗaure da zare a kan kabad, ya san nisan da ke tsakanin sashe na 16 da abin da ke ƙasa. Takardar shaidar kyawun hali da 'yan sanda ke bayarwa, wadda yanzu ake nema ta intanet, ba za ta iya faɗin abin da ba a shigar ba. Idan ta ce ba a samu komai a kan mutum ba, ma'anarta ba a samu ba. Ba ta ce babu ba.

Sauran sharuɗɗan sun fi wannan rauni. Sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, kuma yawancin masu wannan lalura a ƙasar nan ba su taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa ba, balle a rubuta sunansu a wani wuri. Shaidar likita da mai nema zai kawo da hannunsa, daga likitan da shi ya zaɓa, kowa ya san darajarta. Batun shaye-shaye kuwa, bayanan waɗanda aka gurfanar suna wurin hukumar NDLEA, wadda gidanta daban. Dukan mata, wanda Amurka ta mayar da shi dalilin hani mai zaman kansa, a nan galibi a zauren mai unguwa ko a gaban surukai ake kashe maganarsa, ba ya zuwa gaban alƙali.

Saboda babu rumbun da za a duba, sai aka koma ga abin da aka saba da shi, wato wa ya san ka. Ƙudurin da Sanata Ned Nwoko na Delta ta Arewa ya bijiro da shi a watan Janairun 2024, don a ba farar hula damar mallakar bindiga, ya ginu ne kacokan a kan wannan: shaidar likitoci huɗu, amincewar shugaban ƙaramar hukuma, lamunin basarake, da tabbacin baturen 'yan sandan yanki. A ƙauyen da dagaci ya san kakan kowa, wannan yana da ɗan amfani. A rukunin gidaje na Lokogoma ko Gwarinpa, inda mutum ke shekara biyar bai san sunan maƙwabcinsa ba, wane basarake ne zai lamunce shi, kuma bisa wane sani? Shugaban ƙaramar hukuma ɗan siyasa ne. Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane su wa za su fara samun sa hannunsa idan zaɓe ya matso. Tsarin da ya dogara ga sa hannun manya yana tace talaka ne, ya bar mai uwa a gindin murhu ya wuce.

Abin takaicin shi ne Najeriya ta riga ta ɗauki alkawarin da ya fi wannan. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a nan Abuja a watan Yunin 2006 ta fara aiki a 2009, ta buƙaci kada a ba farar hula izini sai an tabbatar ba shi da tarihin laifi, yana da dalili na halal, ya samu horo, yana kuma da wurin ajiya mai tsaro. Ta sa wa'adin jira na aƙalla kwana 21, ta kuma wajabta wa kowace ƙasa rajistar makamai ta kwamfuta. Horo da wa'adin jira ba sa cikin sharuɗɗa biyar na dokar 1959.

Ba kuma za a ce ƙasar ba ta iya haɗa bayanai ba. Ma'aikatan tarayya sun fi kowa sanin haka. A watan Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta cire sunayen bogi 23,846 daga jerin masu karɓar albashi, ta hanyar gwama shi da lambar BVN ta banki. Lambar ɗan ƙasa ta NIN ta haura mutum miliyan 100, kowanne da hotonsa da zanen yatsunsa, kuma an tilasta haɗa ta da layin waya. Inda kuɗi ke zurarewa an samo dabara. Hukuncin kotu ne har yanzu ba a ɗaura wa lambar mai laifi ta yadda za a same shi da latsa kwamfuta daga ko'ina ba.

Ƙofar da aka rufe da wadda ba ta da ƙyaure

Masu adawa da duk wannan magana suna da hujja mai ƙarfi: ɗan bindigar daji ba ya cike fom. Gaskiya ne. Cibiyar Small Arms Survey ta Jeniba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan 6 a hannun farar hula a Najeriya, fiye da ninki goma na abin da ta ƙiyasta wa sojoji da sauran jami'an tsaro a haɗe. A 2017 Kwastan ta kama fam-akshin 2,671 a Legas cikin kamu huɗu. A tsakiyar 2024 ta kama bindigogi 844 da harsasai 112,500 a tashar Onne, a kwantenar da ta taso daga Turkiyya. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce ya zuwa Disamban 2018 ba a iya ba da bayanin makamai 178,459 na 'yan sanda ba, ciki har da AK-47 guda 88,078, ko da yake rundunar ta musanta cewa adadin na nufin sun ɓace. Binciken da Conflict Armament Research ta wallafa a watan Janairun 2020, kan makaman da aka ƙwace a Kaduna da Katsina da Zamfara, ya gano wasu daga Libiya, wasu daga Turkiyya, wasu kuma daga rumbunan jami'an tsaron Najeriya kansu.

Wannan na ƙarshe ya kamata ya dami duk mai riƙe da muƙami. Hukumar da doka ta ɗora wa tantance ɗan ƙasa kafin ya riƙe bindiga mai baki biyu, ita ce aka tuhuma da kasa lissafa nata bindigogin yaƙi.

Amma hujjar ba ta rushe buƙatar tantancewa, iyakarta kawai take nunawa. Binciken mai neman lasisi ba maganin garkuwa da mutane ba ne. Wannan aikin soja ne da 'yan sanda da masu tsaron iyaka. Amfaninsa shi ne kada bindigar halal ta faɗa hannun mai dukan matarsa, ko ɗan daban siyasa, ko wanda ƙwaya ta juya wa kai, kuma idan an yi kisa da ita a san mai ita. Dakatar da lasisi gaba ɗaya ya rufe ƙofa ɗaya tilo da ake tsayawa a yi wa mutum tambaya, ya bar wadda ba a tambayar kowa komai. Manomin Kwali ko ɗan kasuwar Kuje da tsoro ya ishe shi ba ya fasa neman makami don an ce an dakatar. Wurin maƙeri yake zuwa, ko wurin wanda ya san wani. Daga ranar ya zama mai laifin da dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadar wa ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ko tara ko duka biyu, kuma gwamnati ba ta san da bindigarsa ba. Dakatarwar ba ta kuma amsa tambayar waɗanda suka karɓi lasisi shekaru da dama da suka wuce ba: nawa ne suka rasu, bindigar ta shiga kayan gado, nawa ne kotu ta hukunta daga baya?

Sannan ga dubban matasa da jihohi ke ɗauka a rundunonin tsaron al'umma, irin wadda Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Katsina a watan Oktoban 2023 da Askarawan Zamfara na Gwamna Dauda Lawal a watan Janairun 2024. Su ma ana tantance su, kuma su ma da wannan gurguwar rajista ake yi. Idan maganar 'yan sandan jihohi ta tabbata, adadin waɗanda za a ɗora wa makami zai ninka, makamai kuma za su ci gaba da zama a jerin tarayya muddin ba a taɓa lamba ta 2 ba. A lokacin Najeriya za ta tarar da kanta a inda Amurka take: Abuja ke da ikon cewa e ko a'a, bayanan da za ta dogara da su kuma suna hannun jihohi 36, kowace da rundunarta da kotunanta da siyasarta.

A watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta ba Cibiyar Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai, wadda aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, tsayayyen matsayi. Cibiyar na karɓar makaman da aka ƙwace tana lalata su. Rajistar makami dai daban, rajistar mutum daban, kuma ta biyun tana buƙatar Ma'aikatar Shari'a da manyan alƙalai da rundunar 'yan sanda da hukumar katin ɗan ƙasa su zauna a teburi ɗaya.

Babban Birnin Tarayya ne wurin da ba a da uzuri. Ba shi da zaɓaɓɓen gwamna da za a ce ya ƙi ba da haɗin kai. Sashe na 299 na Kundin Tsarin Mulki ya miƙa ikon zartarwarsa ga Shugaban Ƙasa, na yin doka ga Majalisar Tarayya. Kotunansa, daga babbar kotu zuwa na majistare da na yanki a Abaji da Kwali da Gwagwalada, da rundunar 'yan sandansa, da gidan gyaran hali na Kuje, duk a ƙarƙashin tarayya suke, kuma dokar 2015 tana aiki a kansu kai-tsaye ba tare da jiran wata majalisar jiha ba. Kwamitin harkokin 'yan sanda na Majalisar Dattawa ko na Wakilai na iya kiran Kwamishinan 'Yan Sandan Abuja da babban magatakardar kotun birnin, ya nemi alƙaluma biyu: hukuncin laifi nawa kotunan yankin suka yanke a shekarar da ta gabata, kuma nawa ne daga ciki suka isa babbar rajista cikin kwana 30 ɗin da sashe na 16 ya ƙayyade.